Ma'anar "ingancin gudanarwa" a kwatancen kamfanonin ƙasashe

Idan masana tattalin arziki suka ce "ingancin gudanarwa", ba kwarjinin shugaba suke nufi ba, balle girman ofishinsa. Ƙananan al'adun aiki ne na yau da kullum: ana bin diddigin abin da aka sarrafa? Ma'aikata sun san inda aka dosa? Mai ƙwazo ne ke samun ƙarin girma, ko wanda ya fi daɗewa a kujera?

Masana tattalin arziki biyu, Nicholas Bloom da John Van Reenen, su ne suka ɗora abin a ma'auni. A binciken da suka wallafa a 2007, an tattauna ta waya da manajojin masana'antu 732 a Amurka, Birtaniya, Faransa da Jamus, aka auna su kan al'adu 18, kowace daga maki 1 zuwa 5. Dabarar tasu ta burge ni. Manaja bai san ana ba shi maki ba, kuma ba a yi masa tambayar da zai amsa da "e" ya huta. Cewa ake ya bayyana yadda yake gane aiki ya karkace. Wanda alƙalumansa ke rataye inda kowane ma'aikaci zai gani ya kusa 5. Wanda sai kaya sun lalace yake jin labari, 1 ke jiransa.

Da aka faɗaɗa binciken zuwa ƙasashe sama da 30, Amurka ta zo kan gaba, Jamus da Japan na biye, Indiya da Burazil suna can ƙasa. Amma ba don Indiya ta rasa kamfanoni nagari ba ne. Tana da su. Bambancin yana wajen kamfanonin da ke can baya: inda gogayya ta yi zafi, kamfani mai sakaci ko ya gyara ko ya rufe; inda ta yi sanyi, sai ya shekara ashirin yana jan ƙafa, yana jawo makin ƙasarsa ƙasa. Haka ma kamfanin gado da ake miƙa wa babban ɗa don kawai shi ne babba, makinsa kan yi rauni.

Nan ne maganar ta haɗu da ƙarfin gogayya, wato iya fitar da kaya mai kyau da araha har a ja da na wasu ƙasashe. An gwada gyara gudanarwa a masaƙun da ke kusa da birnin Mumbai na Indiya, inda aka tarar da zare jibge a sito babu lakabi, danshi na cin sa. Aka kawo ƙwararru suka koyar da rubuta aibin kowane yadi, tsara sito da duba injuna kan lokaci. Sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna amfanin aiki ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a shekarar farko, da injunan nan dai na da. Masu masaƙun da dama sun san wasu dabarun tuntuni, ba su dai yarda za su biya wahalarsu ba.