Cututtukan fata da sababbin magunguna: na tattara tambayoyinku wuri guda

Tambayoyin nan su ne dai kullum, sai dai mai yin su ya canza. Ga amsoshin a rubuce, duk wanda ya sake turo irinsu nan zan nuna masa.

An ce Turawa sun gano maganin da ke warkar da kowane irin ciwon fata. Gaskiya ne?

Ƙarya ne. Ciwon fata iri ɗaruruwa ne. Wani ƙwayar cuta ke kawo shi, wani gado ne, wani kuma garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita. Duk wanda ya ce kwalba ɗaya ta ishe su, aljihunka yake kallo.

To me binciken ya gano?

Abu mafi girma shi ne an gano hanyoyin da garkuwar jiki ke bi ta hura wutar kumburi da ƙaiƙayi, aka kuma ƙera magunguna masu toshe hanya ɗaya tak su bar sauran. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da dupilumab, allurar da ake yi duk mako biyu ga masu egzima mai tsanani, ciwon nan da ke sa fata bushewa da ƙaiƙayi. Masu soriyasis, ciwon nan da fata ke yin kauri tana ɓarewa, sun samu irin su secukinumab tun 2015. A 2022 aka amince da baricitinib ga masu zubewar gashi irin wadda garkuwar jiki ke jawowa. A 2023 kuma aka fito da Vyjuvek, man shafawa mai kai gyararren ƙwayar gado cikin rauni, domin yaran da ake haifa da fata mai saɓulewa da an taɓa ta.

Kafin ku tambaya, dupilumab ya shigo kasuwar Amurka a kan kusan dala 37,000 a shekara. Ku buga lissafin da naira ko sefa da kanku. Kuma yawancin masu tambayata ciwonsu bai ma kai inda ake buƙatar waɗannan ba.

Man nan na kemis mai haɗi uku fa? Yana yi mini aiki sosai.

Daina shafa shi. Juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun da ke jiki: za ka ga clobetasol ko betamethasone, sai maganin makero, sai maganin ƙwayoyin cuta. Na farkon sitiroid ne mai ƙarfi, wato maganin danne kumburi. Shi ke kashe ƙaiƙayin cikin kwana biyu har ka ce ka dace, alhali garkuwar fatar ya danne, makeron yana ta yaɗo a ƙarƙashi. Kana ajiye man sai ya dawo ya ninka faɗinsa, zoben ya ɓace, har likita ma sai ya yi da gaske kafin ya gane shi.

Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Can ma shekara da shekaru ana sayar da irin man nan ba takardar likita, sai ga wani makero da terbinafine, maganin makeron da aka saba bayarwa, ba ya kashewa. A 2020 aka raɗa masa suna Trichophyton indotineae, yanzu an same shi a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. Masu bincike da dama suna ɗora wa man haɗin nan babban kaso na laifin. Maganinsa sai itraconazole na makonni, wani lokaci watanni.

Yarona yana da makero a ka, gashin wurin ya zube. Wane mai zan saya?

Babu. Cutar tana cikin saiwar gashi, mai ba ya isa can. Maganin sha ake bayarwa, galibi griseofulvin na mako shida zuwa takwas, gwargwadon nauyin yaro. Ki saya masa askarsa da matajinsa, ki duba kawunan 'yan uwansa. Kuma don Allah a bar goga wa yara man birki da ruwan batir. Ƙuna ce kawai kuke ƙara musu.

Duk gidan muna susa da dare. Sanyi ne ko jini ne ya ɓaci?

Kazuwa ce sai in an tabbatar da akasin haka. Duba tsakanin yatsu, wuyan hannu, cibiya, ƙugu da gaba. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke haƙa rami a fata tana zuba ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fiye da mutum miliyan 200 ke ɗauke da ita a kowane lokaci, a 2017 kuma ta saka ta cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

A nan binciken ya yi abin a yaba. A tsibiran Fiji an gwada ba wa al'umma gaba ɗaya ivermectin, mai susa da marar susa. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna masu kazuwa sun sauko daga kashi 32 cikin ɗari zuwa kusan kashi 2 bayan shekara guda. Ivermectin ɗin nan shi ne Mectizan da ake rabawa a ƙauyukanmu saboda makantar da ƙudan rafi ke kawowa. Darasin ya shafi makarantun allo, makarantun kwana, gidajen yari da sansanonin 'yan gudun hijira kai tsaye: in aka yi wa almajiri ɗaya magani aka mayar da shi kan tabarmar da goma ke kwana, an yi aikin banza.

A gida, kowa zai shafa permethrin ko benzyl benzoate rana ɗaya, daga wuya har tafin ƙafa, a maimaita bayan mako guda. A wanke zannuwa da ruwan zafi a shanya a rana. Ba a ba mai ciki ivermectin, haka yaron da bai kai kilo 15 ba. Ƙaiƙayin kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu, kar ku dawo kwana uku ku ce mini bai yi ba.

Na shekara biyar ina shafa man haɗi don haske. Yanzu in na bari kwana uku fuskata sai ta yi zafi, ta yi ƙuraje, ta yi baƙi fiye da da. Yaya zan yi in rabu da shi?

Wannan ce tambayar da ba ta da gajeriyar amsa. 'Yar uwa, zauna ki karanta a hankali, ba faɗa zan yi miki ba.

Matsalar farko, ba ki san abin da ke cikin robar ba, ni ma ban sani ba. Mai haɗin kan zuba tub biyu ko uku na sitiroid cikin man shafawa, ta ƙara hydroquinone mai sa fata haske, wani lokaci da sabulu ko kirim mai sinadarin makuri, wato zaiba. Kowannensu hanyar barinsa daban. Saboda haka ki tattara komai, har kwalayen da aka matse, ki zuba a leda ki tafi da su asibiti. In kina shiri da mai haɗin, ki lallaɓa ta ta faɗa miki abin da ta zuba.

In akwai makuri, ko kina zargin akwai, a daina yau. Ba a ja masa lokaci. Yana lalata ƙoda da jijiyoyi, yana ratsawa zuwa ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. A taron 2023 ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata ta taƙaita amfani da makuri sun amince a hana shi a kayan kwalliya ɗungurungum. Hydroquinone ma ana iya ajiye shi kai tsaye, musamman in kin fara ganin baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu, kamar an yayyafa toka. Wannan tabon yana da taurin kai, kuma ƙara man ƙara shi yake yi.

Sitiroid ne mai rikici. In fuska kawai kike shafawa, kuma ba daɗewa kika yi ba, likitoci da yawa za su ce ki tsaya gaba ɗaya ki daure. Wasu kuma sun fi son a sauko a hankali: a koma mai rauni irin hydrocortisone, a rage kwanaki, ko a maye gurbinsa da man tacrolimus, wanda ba sitiroid ba ne, na ɗan lokaci. Har yanzu masana ba su haɗu a kan hanya ɗaya ba, domin gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan ba su da yawa.

Amma ke da kika shekara biyar, in har duk jiki kike shafawa, kar ki yanke rana ɗaya ke kaɗai a ɗaki. Fata tana shan maganin ya shiga jini. Jiki yana da wasu ƙananan sassa a saman ƙoda masu samar da nasa sitiroid ɗin, in suka ga ana kawowa daga waje kullum sai su kwanta. Aka yanke kwatsam, mutum na iya faɗawa cikin kasala mai tsanani, jiri, amai, jini ya sauka, har a kai ga gadon asibiti. Ba kowa ke shiga wannan ba, amma ba a gane wa zai shiga da ido. Alamun da ke sa in fi damuwa: fuska ta yi zagaye ta cika, ciki ya fito ƙafafu sun rame, nankarwa mai faɗi ja ko shunayya a hammata da cinya, jijiyoyi suna bayyana ta cikin fata, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Mai irin waɗannan tana buƙatar a auna hawan jini da sukari, in da hali a auna sinadarin kotisol, wato sitiroid ɗin da jiki ke samarwa, da safe, sannan likita ya tsara saukowar.

Abin da za ki gani kuwa, gara in faɗa miki tun yanzu. Makonnin farko sun fi muni: zafi, ja, ɓarewa, ƙuraje. Launin zai yi duhu, wataƙila fiye da na asali, gwiwoyin yatsu su fi ko'ina. Wata ta daidaita a wata uku, wata sai ta haura shekara. Nankarwa ba ta ɓacewa duka, dusashewa take yi. A wannan tsakanin man kaɗe ko baselin zalla ya isa, sabulu marar ƙamshi, ruwa mai sanyi, a guji rana tsaka, a shafa man kare rana in an samu. Ban da dilka da kurkur da lemon tsami a kan fatar da ta riga ta yi laushi, ki bari sai ta warke.

In kina da ciki, ko za a yi miki tiyata, ki faɗa wa likita kina shafawa ko da bai tambaya ba. Fatar da ta yi siriri ɗinki ba ya kama ta da kyau. Kunya ba ta da amfani a nan, ba ke ce ta farko da ya gani ba: har hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Wani abin kuma, mutanen gida. Sau da yawa mace ta daure wata biyu, sai miji ko ƙawa ta ce “me ya same ki kika yi baƙi haka?”, washegari ta koma wurin mai haɗi. Ki sanar da su tun kafin ki fara. Malam, in matarka ce, ka riƙe bakinka.

Fararen tabo sun fito mini a hannu da gefen baki. Kuturta ce?

Kwantar da hankalinka. In tabon fari ne fat kamar madara kuma kana jin taɓawa a wurin, ya fi kama da bitiligo. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba a ɗaukarsa a kwano ko musabaha, ba kuma shan madara da kifi ke kawo shi ba. A 2022 Amurka ta amince da kirim ɗin ruxolitinib ga 'yan shekara 12 zuwa sama. A gwajinsa, kusan mutum uku cikin goma ne launin fuskarsu ya dawo sosai bayan wata shida, wajen rabi bayan shekara. Fuska ta fi amsawa, yatsu sun fi gardama. Yana da tsada, kuma samunsa a nan sai an sha wuya.

In kuma ba na jin taɓawa a wurin?

Ka tafi asibiti wannan makon. Kuturta tana warkewa da haɗin magani uku, wata shida ko goma sha biyu, kuma kyauta ake bayarwa tun 1995. Yatsu ba sa lalacewa sai an yi jinkiri. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba mutanen gidan mai cutar maganin rifampicin sau ɗaya, bayan wani babban gwaji a Bangaladash ya nuna yana rage kamuwa da fiye da rabi a shekara biyun farko.

Akwai manhajar waya da ke duba hoto ta faɗi cutar. In dogara da ita?

A'a. Akasarin hotunan da aka koyar da irin waɗannan manhajoji na farar fata ne. Abin da ke fitowa ja a jikin Bature, a jikinmu duhu ko toka-toka yake yi. Ana ƙoƙarin gyara wannan giɓi, kuma a Mayun 2025 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri a kan cututtukan fata, amma ƙuduri ba ya duba mara lafiya.

To in turo miki hoto ta WhatsApp?

Kar ka turo. Hoton da aka ɗauka da dare da fitilar waya, bayan an shafe wurin da mai wata uku, ba abin da zai nuna mini. Ka je a gani da ido, a taɓa, in ta kama a kankari fatar a duba a na'ura. Ka tafi da duk abin da ka shafa da wanda ka sha, har na gargajiya.