Mene ne "kwararar dare" a bakin masu neman yoyon ruwa?

Idan ka ji mai gyaran famfo a babban otal ya ce "sai mun duba kwararar dare tukuna", yana nufin yawan ruwan da ke ci gaba da wucewa ta mita bayan kusan kowa ya kwanta. Galibi tsakanin ƙarfe 2 da 4 ake aunawa, kafin masu alwalar asuba su tashi. Kicin a rufe, injin wanki a tsaye. Idan duk da haka mita tana juyawa ba ƙaƙƙautawa, to ruwa na zurarewa a wani wuri.

Da rana ba a gane wannan, domin ruwan wanka da girki ya shanye alamar. Da dare kuwa, ƙarfin ruwa a bututu yana ƙaruwa tunda masu jansa sun ragu, sai ɓarakar ta fi zubarwa. Amma kada a sa ran ganin sifili: wani baƙo zai zaga, injin ƙanƙara zai ja nasa. Shi ya sa ake maimaitawa dare uku ko huɗu. Ɗakin taro ya fi sauƙi, domin da an watse biki babu kowa sai mai gadi.

Awon ba ya nuna wurin yoyon, sai an bi shi da rufe layuka ɗaya bayan ɗaya: hawa na farko, na biyu, lambu, wurin ninkaya, ana kallon mita. Layin da aka rufe ta lafa, nan ɓarawon yake.

A ganina, a nan masu otal ke yin gaggawar fasa tayil. Sau da yawa mai laifin tankin bandaki ne da robarsa ta lalace, yana tsiyaya cikin masai ba sauti. A ɗiga kalar abinci a tankin, a jira minti 10. Idan launin ya sauko ba a ja ruwa ba, an kama shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da sama da lita 11,000 a shekara, to balle otal mai ɗaki 100. Sai an gama da waɗannan ake ɗauko na'urar sauraron ƙasa, ko kyamarar da ke ganin zafi da sanyi a bango.

Otal mai rijiyar burtsatse da ba shi da mita ma yana iya yi. A kashe injin tura ruwa da tsakar dare, a sa alli daidai bakin ruwan babban tankin sama, a dawo bayan awa biyu a ga inda ya sauka. Wanda ya sauka ɗin, da dizal aka ɗora shi sama.