Tikitin jirgin ƙasa mai tsallaka iyaka a Turai: abin da doka ta ba fasinja, da inda ta zame

Duk wanda ya sayi tikitin jirgin ƙasa ta intanet daga wata ƙasar Tarayyar Turai zuwa wata, akwai dokar da ke tsaye a bayansa ko bai san da ita ba. Ita ce doka mai lamba 2021/782 kan haƙƙin fasinjojin jirgin ƙasa, wadda ta fara aiki ranar 7 ga Yuni, 2023, ta maye gurbin tsohuwar da aka kafa a 2007. Ba ruwanta da launin fasfonka. Ɗalibin da ya fito daga Kano, da ɗan kasuwar Maraɗi da ya shigo da bizar wata uku, da Bajamushen da ke zaune a kujerar kusa da su, haƙƙinsu ɗaya ne. Sai dai yawancin wannan haƙƙi ya rataya ne a kan wani ɗan layin rubutu da mutane ke tsallakewa a shafin biyan kuɗi.

A ɗauka za ka tashi daga Brussels zuwa Berlin, kuma sai ka sauya jirgi a birnin Kolon na Jamus. A fuskar waya tafiya ɗaya ce, farashi ɗaya, dannawa ɗaya. A wurin doka kuwa tana iya zama yarjejeniya ɗaya ko biyu. Idan tikitin zarcewa ne, wato guda ɗaya da ya haɗe tafiyar tun daga farko har ƙarshe, to in jirgin farko ya makara na Kolon ya tafi ya bar ka, nauyin kamfani ne ya kai ka Berlin ba tare da ka ƙara ko sisi ba, kuma da lokacin da ka isa Berlin za a lissafa makarar. Idan kuwa tikiti biyu ne daban-daban, kamfanin farko zai ce iyakarsa Kolon kuma ya kai ka, na biyu zai ce jirginsa ya tashi a kan lokaci, kai ne ba ka zo ba. Kowa ya san bambancin direban da ya karɓi kuɗinka har Legas ya yi maka juye a hanya, da wanda ya sauke ka a tasha ka nemi wata motar da kanka.

Ga yadda dokar ta raba gardama. In ka sayi tikitocin a ciniki ɗaya daga hannun kamfanin jirgin da kansa, irin su Deutsche Bahn na Jamus, SNCF na Faransa ko ÖBB na Ostiriya, ana ɗaukarsu a matsayin tikitin zarcewa. In kuma dillali ne na intanet, irin su Trainline ko Omio, ya harhaɗa tikitocin bisa raɗin kansa ya sayar maka a ciniki ɗaya, sannan jirgi na biyu ya kuɓuce maka, shi dillalin ne zai mayar maka da duk abin da ka biya, ya ƙara da kashi 75 cikin ɗari na kuɗin. Wanda ya biya Yuro 200 zai karɓi 350 ke nan. Da daɗin ji. Amma duk wannan yana rushewa idan mai sayarwa ya sanar da kai kafin ka biya, kuma ya rubuta a tikiti ko a saƙon da za ka iya ajiyewa, cewa tikitocin yarjejeniyoyi ne daban-daban. A nan, a ganina, dokar ta ba da da dama ta karɓe da hagu, domin ba wuya ba ne a sa wannan sanarwa, kuma ga wanda ke sauri yana kallon farashi kawai, ba lallai ya lura ba. Abin da ya rage wa fasinja shi ne, in rigima ta taso, mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa ya sanar, ba kai za ka tabbatar da cewa ba a gaya maka ba.

Saboda haka kafin ka danna biya, duba ko lambar ajiyar kujera ɗaya za a ba ka ko biyu, ka karanta abin da aka rubuta game da sauyin jirgi, ka ɗauki hoton shafin. In biyu ne kuma ka ga arahar ta kai, to ka bar tazara mai kauri tsakanin jiragen. Minti 12 a tashar da ba ka taɓa takawa ba, da akwati biyu da allon sanarwa cikin Jamusanci, ba tazara ba ce.

Sai batun makara. Da zarar ya bayyana cewa za ka isa inda za ka a makare da minti 60 ko fiye, ko an soke jirgin, ko jirgin da za ka sauya zuwa gare shi ya kuɓuce maka, zaɓi uku ne a hannunka: a mayar maka da kuɗin tikiti, har da na ɓangaren da ka riga ka yi in tafiyar ta zama ba ta da sauran amfani, a kuma mayar da kai inda ka taso, ko a ci gaba da kai ta wata hanya da wuri-wuri, ko a ɗage maka zuwa ranar da ta yi maka. In ka zaɓi ci gaba da tafiya, diyya tana nan: kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti in makarar ta kai minti 60 zuwa 119, rabin kuɗin in ta kai awa biyu ko fiye. Tikitin Yuro 120 da makarar minti 75 zai dawo maka da Yuro 30. Kamfanoni na son biya da takardar ragi ta tafiya ta gaba, wadda ba ta da amfani ga wanda zai koma gida jibi. Kana da ikon cewa kuɗi kake so, kuma dole a ba ka kuɗi. Diyyar da ba ta kai Yuro 4 ba ce kawai ake iya ƙin biya.

Akwai sabon tanadin da mutane da yawa ba su sani ba. In minti 100 ya wuce daga lokacin da jirgin ya kamata ya tashi, kamfani bai faɗa maka yadda zai kai ka ba, kana iya sayen tikitin wani jirgin ƙasa ko bas da kanka, shi kuma ya biya ka abin da ka kashe gwargwadon hankali. Jirgin ƙasa ko bas aka ce. Tasi da jirgin sama ba sa ciki, sai in kamfanin ne ya amince tun farko. A zaman jiran da ya kai awa guda kuma, ana ba da abinci da abin sha in akwai halin samu, in dare ya yi a ba da masauki da kuɗin zuwa can.

Ba kullum ake biyan diyya ba. Dokar 2021 ta buɗe wa kamfanoni ƙofar da tsohuwar ba ta da ita: mummunan yanayi da ya wuce misali, babban bala'i, annoba, laifin fasinja da kansa, ko aikin wasu, kamar mutum a kan layin dogo, satar wayoyin lantarki ko ta'addanci. Yajin aikin ma'aikatan kamfanin da kansu ba ya cikin uzurin. Kuma ko da uzurin ya tabbata, diyyar makara kaɗai yake ɗaukewa. Mayar da kuɗi ko kai ka ta wata hanya suna nan daram, masauki ne kawai ake iya taƙaitawa zuwa kwana uku. Haka nan in an gaya maka akwai makara tun kafin ka saya, babu diyya. Ƙasashe kuma suna da damar cire jiragen cikin gari da na kewaye daga wasu sassan dokar, shi ya sa ƙaramin jirgin da zai kai ka babbar tasha ba lallai ya shiga lissafi ba.

Ga mai tikiti biyu da ya maƙale a tasha, akwai sauran dabara. Manyan kamfanonin Turai da dama, ciki har da na Jamus, Faransa, Beljiyam, Holan, Ostiriya da Suwizalan, sun ƙulla wata yarjejeniya a tsakaninsu da ake kira AJC, wadda ke bari a ɗora matafiyin ƙasa da ƙasa a jirgi na gaba kyauta in makarar wani daga cikinsu ce ta jawo. Alfarma ce, ba doka ba, ba ta da diyya ko otal, kuma sai tazarar da ka bari ta zama mai ma'ana. Nemi ma'aikacin jirgin da ya makara ko teburin tasha su ba ka shaidar makara kafin ka je wurin na biyun.

Neman haƙƙi yana da wa'adi. Ƙorafi a cikin wata uku daga ranar da abin ya faru; diyya a biya cikin wata ɗaya da nema; mayar da kuɗin tikiti cikin kwana 30. Ajiye tikiti da rasit na duk abin da ka kashe. In kamfani ya yi gum ko ya ƙi, kowace ƙasar Tarayyar tana da hukumar da aka ɗora wa sa ido kan wannan doka, can ake kai ƙara.

Abu ɗaya da dokar ba ta taɓa ba shi ne takardun shiga ƙasa. Shafin intanet zai sayar maka da tikitin jirgin Eurostar daga Paris zuwa Landan ba tare da ya tambayi bizarka ba, alhali Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake zagayawa da biza ɗaya, kuma tun a tashar Gare du Nord jami'an Faransa da na Birtaniya ke duba fasfo kafin a hau. Wanda aka mayar daga nan don ba shi da bizar Birtaniya ba shi da wata diyya a ƙarƙashin wannan doka. A cikin Schengen ɗin ma fasfo ya zauna a aljihu, ba a ƙasan akwati ba: tun 16 ga Satumba, 2024 Jamus ta faɗaɗa bincike zuwa duk iyakokinta na ƙasa, kuma 'yan sanda kan shiga jirgi a tashar iyaka. Tikitin intanet na Deutsche Bahn ma da suna yake fitowa, mai duba tikiti na iya neman katin shaida, don haka sunan da ka rubuta wajen saye ya zama daidai da wanda ke cikin fasfo.