Hanyar jirgin sama daga Kano zuwa Jidda

Hanyar Kano zuwa Jidda ita ce wadda ta haɗa Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke ƙasar Saudiyya. Ta fi cika lokacin aikin hajji da kuma umarar watan azumi.

Nisa da tsawon tafiya

Tsakanin filayen biyu akwai kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe ba karkata, wato kusan mil 2,100. Kafin yaƙin Sudan na 2023, jirgin da bai ya da zango ba yakan ci awa huɗu da rabi zuwa biyar. Yakan ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, sannan ya sauka. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, don haka a irin wannan tafiyar wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na dare zai sauka wajajen ƙarfe 5 na asuba agogon Jidda.

Bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazai suka koma yin zagaye. Tafiyar ta ƙaru da kamar awa biyu, kuɗin jirgi ma ya tashi.

Tarihi

Ƙasar da jirgi yake bi ta samanta ita ce dai wadda alhazan zamanin da suka taka da ƙafa. Mai niyyar sauke farali yakan bar Kano ya nufi Borno, ya shiga Wadai, ya faɗa Darfur, ya bi ta El Fasher da El Obeid har bakin kogin Nilu, daga nan sai Sawakin, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. Guzuri yakan ƙare a hanya, mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙodago damina ɗaya ko biyu kafin ya ƙara gaba, shi ya sa wasu sukan raba gado su yi sallama irin ta wanda ba zai dawo ba. Da yawa kuwa ba su dawo ɗin ba. Jikokinsu na nan a Sudan har yau, musamman a garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Jiragen sama na farko sun sauka a Kano a 1925, jiragen sojan Ingila ne da suka taso daga Masar. A 1936 aka fara zirga-zirgar fasinja da wasiƙu tsakanin Kano da Khartoum. Jigilar alhazai ta sama ta soma kankama ne a wajajen shekarun 1950, kuma sai da aka ɗauki lokaci kafin ta ture tafiyar mota ta hanyar Sudan. A lokacin tsohon filin Kandara ake sauka, a cikin garin Jidda. Filin Sarki Abdul'aziz an buɗe shi a 1981, da sashen alhazai mai rufi irin na tantuna.

A yau

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ita take zaɓen kamfanonin da suke jigila. Yawancin alhazan Najeriya yanzu Madina ake fara kai su, su dawo ta Jidda.

Batun mikati

Malamai sun saɓa a kan wanda ya sauka a Jidda. Mafi yawa sun ce ya ɗaura harami a cikin jirgi idan ya zo daura da mikati, wasu kuma sun halatta masa ya ɗaura bayan ya sauka.