Wane ne ma'aikacin jin daɗin jama'a?

Da yawa in suka ji sunan, sai su ɗauka mai rabon shinkafa da barguna ake nufi. Tallafi yakan shigo cikin aikin, amma ƙaramin ɓangare ne. Ma'aikacin jin daɗin jama'a shi ne wanda ya yi karatu a kan yadda ake taimakon mutumin da rayuwa ta rikice masa: ya zauna da shi, ya gano tushen matsalar, ya haɗa shi da inda za a warware ta, sannan ya ci gaba da bibiya.

A asibiti aka fi ganin amfaninsa. Likita ya sallami mace bayan aikin yoyon fitsari, amma mijinta ya sake ta, kuɗin motar komawa ƙauye ma babu. Likita ya gama nasa. Wa zai nemo danginta, ya nema mata sassaucin kuɗin magani, ya tabbatar tana da wurin kwana da sana'ar da za ta riƙe ta? Wannan reshe na aikin ya daɗe, domin tun 1895 asibitin Royal Free da ke Landan ya ɗauki Mary Stewart don ta riƙa duba halin da marasa lafiya suke ciki a gida da aljihu. A Amurka kuwa, Jane Addams ta buɗe gidan Hull House a Chicago a 1889, ta tare cikin unguwar baƙin haure matalauta maimakon ta riƙa aika musu sadaka daga nesa.

Wasu ma'aikatan suna kotu da gidajen gyaran halin yara, wasu a makarantu, gidajen marayu, cibiyoyin masu shaye-shaye, ko sansanonin 'yan gudun hijira irin na Borno. Akwai kuma masu koyarwa a jami'a da masu tsara manufofin gwamnati.

Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙa'idojin aikin, kuma babba a cikinsu rufin asiri. Abin da mutum ya faɗa maka cikin hawaye amana ce, ba ya zama hirar majalisa. Iyakarsa ita ce inda rai yake cikin haɗari, ko ana cutar da yaro. Nan dole a sanar da hukuma. Ƙa'idar rufin asirin nan ce ta sa ɗaukar hoton mabuƙaci yana karɓar buhu a watsa a Facebook yake ƙona mini rai, don an cika masa ciki an zubar masa da mutunci.

Ƙa'idar da ta fi wuya ita ce barin mutum ya yanke wa kansa shawara. Matar da mijinta ke duka ta ce za ta koma saboda 'ya'yanta. Ma'aikaci zai bayyana mata haɗarin, ya nuna mata inda za ta samu mafaka, amma ba zai tilasta mata ba, ba kuma zai yi fushi ya rufe mata ƙofa ba.

A Najeriya, sai a 2022 aka sanya hannu kan dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu wannan aiki rajista, ta kuma sa ido kan yadda suke gudanar da shi.