Yarda da Masana a Rigingimun Manhajar Kuɗin Kirifto

Yarda da masana a rigingimun manhajar kirifto ita ce hanyar da mutumin da bai iya karanta rubutun manhaja ba yake bi ya zaɓi wanda zai gaskata idan masu gina kuɗin suka saɓa. Satoshi Nakamoto, sunan aro na wanda ya ƙirƙiro kuɗin intanet na Bitcoin, ya fitar da takardar bayaninsa a ƙarshen Oktoban 2008, tsarin ya fara aiki a Janairun 2009, da nufin a daina dogaro da banki ko wani ɗan tsakani. Taken masu amfani da shi kuwa shi ne kar ka yarda da kowa, ka bincika da kanka. Sai dai Bitcoin Core, babbar manhajar da ke tafiyar da Bitcoin, da harshen kwamfuta na C++ aka rubuta mafi yawanta, kuma akasarin masu riƙe da kuɗin ko layi ɗaya ba za su gane a cikinta ba. Yardar ba ta gushe ba ke nan, ta dai tashi daga hannun banki ta koma hannun marubuta manhaja.

Rikicin girman bulok

Daga 2015 zuwa 2017 aka yi ta ja-in-ja kan iyakar megabayit 1 da aka sa wa kowane bulok, wato shafin ciniki da ake ƙarawa a kundin cinikin Bitcoin kusan duk minti 10. Wasu suka ce a faɗaɗa shi don kuɗin aikawa ya sauka. Wasu suka ce idan ya yi girma, ƙaramin mai amfani ba zai iya ajiye cikakken kundin a kwamfutarsa ba, iko zai tattara a hannun manyan kamfanoni. Kowane ɓangare da ƙwararrunsa, kowa da hujjarsa.

Masanin falsafa Alvin Goldman ya yi nazarin irin wannan tsaka mai wuya a 2001. Ya ce wanda ba gwani ba yakan duba yadda masanan ke kare hujjarsu, da yawan takwarorin da suka goyi bayansu, da shaidar cancantarsu, da abin da za su samu ko su rasa, da kuma tarihin maganganunsu na baya. A duniyar kirifto takardar shaidar karatu ba ta cika tasiri ba, tun da wasu fitattun masu aikin ma da sunan aro aka san su. Maganar riba ce ta fi cin wuta. An zargi kamfanin Blockstream, wanda ya ɗauki wasu marubutan Bitcoin Core aiki, da son ƙaramin bulok don amfanin kansa, an kuma zargi Bitmain, mai ƙera injinan haƙa, wato kwamfutocin da ke samar da sababbin bulok, da irin wannan a ɗaya gefen. Zargin son rai na da sauƙin fahimta, shi ya sa ya rinjayi hujjar fasaha a kunnen jama'a, alhali mai neman riba ma yana iya faɗin gaskiya. Ranar 1 ga Agustan 2017 aka raba gari, masu son babban bulok suka ɓalle da nasu kuɗin, Bitcoin Cash.

Inda girman suna da yawan masu dubawa suka gaza

Gavin Andresen, wanda ya jagoranci manhajar bayan ɓacewar Satoshi, ya fito a Mayun 2016 ya ce ya gamsu cewa Craig Wright, wani ɗan ƙasar Ostareliya, shi ne Satoshi. Mutane da dama sun saurara saboda girman sunansa. Masu bincike suka duba hujjar da Wright ya wallafa suka ga ba ta tabbatar da komai ba, kuma a Maris na 2024 wata babbar kotu a Ingila ta yanke cewa ba shi ba ne. Gwanintar rubuta manhaja daban, iya gane mai yaudara daban.

Yawan masu dubawa shi ma ba garkuwa ba ne. A Satumban 2018 aka gano kuskure a Bitcoin Core da zai iya ba da damar ƙirƙirar kuɗi fiye da ƙa'ida, bayan ya shafe fiye da shekara a ciki. Wanda ya gano shi yana aiki ne a ɓangaren Bitcoin Cash, ya kuma sanar da marubutan Bitcoin Core a asirce har aka gyara. Wannan ya fi kowace alama amfani ga mai neman wanda zai yarda da shi: aikin da yake a buɗe ga idon abokin hamayya, da masu aikin da ke amsa kuskurensu a fili.

Akwai kuma rigimar da ilmin fasaha ba ya warwarewa. Da aka kwashe kimanin ether miliyan 3.6, wato kuɗin tsarin kirifto na Ethereum, daga asusun zuba jari na haɗin gwiwa mai suna The DAO a Yunin 2016, tambayar ita ce ko ya halatta a sauya kundin don a mayar wa mutane dukiyarsu. Mafi yawa suka amince, waɗanda suka ƙi suka ci gaba da tsohon kundin da sunan Ethereum Classic. A nan ra'ayin injiniya bai fi na kowa nauyi ba.

Rage dogaro

Marubutan Bitcoin Core suna da tsarin da mutane daban-daban ke harhaɗa manhajar daga tushe ɗaya, kowa a kwamfutarsa, su kwatanta sakamakon, su sa hannu idan ya zo daidai. Mai saukewa yana iya duba sa hannun nan ko da bai san C++ ba. Abin da yake tabbatarwa shi ne cewa fayil ɗin da ya sauke ya fito daga rubutun da kowa ke gani. Ingancin rubutun kansa kuwa, har yanzu bakin waɗanda suka karanta shi yake jira.