Me ake nufi da makamai masu sarrafa kansu?

Makami mai sarrafa kansa shi ne wanda da zarar an kunna shi, zai zaɓi abin da zai kai wa hari, ya kuma buɗe wuta, ba tare da wani mutum ya sake sa hannu ba. Na'urorin da ke jikinsa suna tattara bayanai kan motsi, zafin jiki ko siffa, sai manhajarsa, wadda kan dogara da ƙirƙirarriyar basira, ta gwada su da abin da aka tsara mata. Wanda ya kunna shi bai san takamaiman wanda zai mutu ba, bai kuma san lokacin ba.

Ya kamata a bambanta shi da jirgi marar matuƙi, irin wanda mutanen Kano suka saba ganin ƙananansa suna ɗaukar hoto a hawan Daushe, domin shi wannan, ko na soja ne, yana da mai juya shi daga nesa. A watan Disamban 2023 irin wannan jirgi na soja ya hallaka mutum aƙalla 85 a taron Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna. Duk da munin abin, an san hukumar da za a tuhuma, har shugaban rundunar sojin ƙasa ya je garin ya nemi gafara. Da manhaja ce ta yanke hukuncin, da alhakin jinin ya warwatse tsakanin wanda ya ƙera, wanda ya saya da wanda ya kunna, kowa na tura wa ɗan'uwansa. A wurin al'ummar da ta san ƙisasi da diyya, jinin da ba a san a wuyan wa yake ba babbar musiba ce.

Wannan ne ya sa gamayyar ƙungiyoyin Stop Killer Robots masu fafutukar hana irin waɗannan makamai, wadda aka ƙaddamar a Landan a 2013, take neman a bar hukuncin kisa a hannun ɗan Adam. Ba danna maɓalli kawai suke nufi ba, domin sojan da ke amincewa da duk abin da allo ya nuna masa cikin daƙiƙa guda ba shi da iko na haƙiƙa. Sai ya fahimci yadda makamin ke aiki, ya san inda da lokacin da zai yi aiki, ya kuma iya tsayar da shi.

An fara tattauna batun a Geneva a 2014, amma da yake tsarin zaman na buƙatar amincewar kowa, ƙasashe ƙalilan kan iya taka masa birki. A Oktoban 2023 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, da shugabar Red Cross ta duniya suka yi kira da a kammala yarjejeniya kan waɗannan makamai kafin ƙarshen 2026, sannan a Disamba ƙasashe 152 suka goyi bayan ƙudurin farko na Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kan batun. Ƙasashen ECOWAS ma sun taru a Freetown a Afrilun 2024, inda suka nemi a samar da dokar ƙasa da ƙasa da za ta hau kan kowa.